Tsutsa Maƙeriya: Tarke a kan Zinariyar Hubert Duprat

A ƙoramun ƙasar Faransa, da ma na sauran sassan duniya inda ruwa ke gudu garau bisa tsakuwa, akwai wata ƴar tsutsa wadda tsawonta bai cika wuce gaɓar yatsa ba. Faransawa suna ce mata phrygane, masuntansu kuwa porte-bois, wato mai ɗauke da itace, domin ba ta yawo sai cikin wani ɗan kube da ta gina wa kanta da yashi, ko guntayen itace, ko ɓawon ƙananan dodon-koɗi. Masana sun sa danginta cikin rukunin da suke kira Trichoptera, mai nau'i fiye da 14,000, kuma babu ƴan uwan da suka fi kusa da su kamar malam-buɗe-littafi. Bayan jikinta taushi gare shi, abincin kifi ne tsaf, shi ya sa take fitar da zaren siliki daga bakinta, mai danƙon da ke kamawa ko a cikin ruwa, tana liƙa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya har ta kewaye kanta. In ta ƙara girma sai ta ƙara gini ta gaba, ta datse na baya. In kwananta na ruwa ya cika sai ta toshe bakin kuben, ta rikiɗe a ciki, ta fito ƙwaro mai fiffike.

Wannan ƴar halitta ce wani mai fasaha Bafaranshe, Hubert Duprat, haifaffen shekara ta 1957, ya mai da maƙeriyar zinariya tun farkon shekarun 1980. Ya san tsutsar tun yana yaro, ya kuma ga masu wankin zinariya a kogin Ariège, sai tunani ya zo masa na haɗa biyun. Yakan kamo tsutsotsin, ya raba su da kubensu na asali, ya zuba su cikin akwatin gilashi mai ruwa wanda babu komai a gindinsa sai ɓarɓashin zinariya, da lu'ulu'un kawa, da murjani, da yaƙutu, da shuɗin dutsen nan da ake kira turkwaz. Tsutsa ba ta iya zama tsirara, saboda haka da abin da ta samu take gini. Cikin shekara ta 1983 Duprat ya yi rajistar wannan dabara a matsayin ƙirƙirarsa, kuma cikin Satumba na 2020 gidan adana fasahar zamani na birnin Paris ya buɗe babban baje kolin ayyukansa.

Kafin a shiga ƙorafi, wajibi ne a ba aikin haƙƙinsa, domin tarken da ya fara da tsine wa abu ba tare da ya dube shi ba, hassada ce sanye da rigar ilimi. Abubuwan suna da kyau ƙwarai. Ɗan bututu ne wanda bai fi santimita biyu ko uku ba, ganyayyakin zinariya sun hau juna kamar ɓawon kifi, can a tsakiya ga zoben shuɗin dutse, a baki kuma lu'ulu'u biyu ko uku sun karkace ta yadda babu maƙerin da zai yarda ya bar su haka. Wannan karkacewar ce ran aikin. Hannun mutum yana neman daidaito ko da ya yi niyyar guje masa, ita kuwa tsutsa abin da ta sani shi ne ta jujjuya dutse da ƙafafunta, ta gwada shi a gurbi, in ya zauna ta liƙa, in bai zauna ba ta yar. Lu'ulu'u da tsakuwa duk ɗaya ne a wurinta. Wanda ya tsaya gaban gilashin ya ga baƙin kai da ƙafafu shida sun leƙo daga cikin dukiyar da mutane ke kashe juna a kanta, suna jan ta bisa gindin akwati, ba ya rasa jin wani abu tsakanin dariya da kunya. A ganina wannan ne abin da aikin ya zo da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne: ya sa darajar zinariya ta koma abin tambaya ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Duprat ba shi ne farkon wanda ya yi wa tsutsar nan wannan wasa ba, kuma, abin yabo, shi da kansa ya tono waɗanda suka riga shi. Masanin Suwizalan François-Jules Pictet ya yi nazarin ginin waɗannan tsutsotsi cikin littafinsa na 1834. Cikin 1863 wata baturiyar Ingila, Elizabeth Smee, ta ba da rahoton yadda ta sa su gini da fasassun gilashi da duwatsu masu launi da ɓarɓashin ƙarfe. Jean-Henri Fabre, wanda duk ɗalibin da ya yi karatun Faransanci mai zurfi ya taɓa jin sunansa, ya gwada su da ƙwayoyin shinkafa. Duprat ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan rubuce-rubuce da zane-zane, ya fito da su cikin wani ƙaton littafi, Le Miroir du Trichoptère, a 2020. Bambancinsa da magabatan nan shi ne su ilimi suke nema, in sun gama gwaji su rubuta sakamako. Shi kuwa ya ɗauki sakamakon ya kai ɗakin baje koli, ya sa sunansa a ƙasa.

To, a nan ne maganar ta fara tsami. Maƙalar da ya fitar tare da mai sharhi Christian Besson a mujallar Leonardo cikin 1998 ta kira abin haɗin gwiwa da tsutsotsin tun daga kan maganarta, kuma kalmar ta bi aikin har yau. Kusan duk wanda ya yi rubutu a kansa sai ya maimaita ta. Mai karatu ya auna kalmar da ma'aunin da ya sani. Idan maƙeri da mazuginsa suka yi aiki, ko da sunan maƙeri kaɗai aka sani a kasuwa, yaron ya zo da ƙafarsa, yana koyon sana'a, yana cin tuwon gidan, in ya ga dama gobe ya yi zamansa. Manomi da sansa na huɗa ma akwai wata irin yarjejeniya tsakaninsu, ta harawa da dusa da inuwa. Amma wanda aka tuɓe wa riga a tsakiyar kasuwa, aka ajiye masa alkyabba a gabansa, in ya ɗauka ya yafa ba za a ce ya zaɓi alkyabba ba. Tsutsar Duprat tana gini ne don an jefa ta cikin halin da ta fi tsoro a duniya. Abin da ya fi kama da wannan hulɗa a cikin al'adunmu shi ne wasan gardawa, kuma Bahaushe ya daɗe da yanke masa hukunci da ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina nufin tsutsa ta cancanci a rubuta sunanta a takardar mallaka ba. Kotunan Amurka sun sha wannan muhawara a kan hoton da wani biri ya ɗauki kansa a Indunusiya, suka rufe ta cikin 2018 da cewa dabba ba ta da hurumin kai ƙarar haƙƙin mallaka. Tunanin Duprat ne, shi ya zaɓi kayan, shi ne ma ke tsara zubin launuka, ta hanyar canja wa tsutsa kayan gini daga lokaci zuwa lokaci, ko ya ɓalle wani sashe na kuben don ta gyara da sabon dutse. Aikin nasa ne. Amma tun da nasa ne, alhakin ma nasa ne shi kaɗai, kuma illar kalmar haɗin gwiwa ita ce tana raba alhakin biyu, ta ɗora wa tsutsa rabi.

Mene ne alhakin? Bari mu bi aikin daki-daki kamar yadda aka bayyana shi. Ana kamo tsutsotsin cikin watannin hunturu zuwa farkon bazarar Turai. Ana buɗe gindin kuben, a tura tsutsar da wani abu marar kaifi har ta fito ta gaba. Ana ajiye ta cikin ruwa mai gudu, mai iska, mai sanyi ƙwarai, kuma amfanin sanyin shi ne ya tsawaita mata hunturu, ya jinkirta rikiɗarta don ta daɗe tana gini. Babu wuƙa, babu wuta, babu jini. Wanda ya tsaya nan zai ce ai ba a yi mata komai ba, aron gida aka yi aka biya ta da wanda ya fi shi tsada.

Sai dai siliki ba daga iska yake zuwa ba, daga jikin tsutsar yake, kuma abin da ta kashe a gini ba ya dawowa. Cikin 1999 wasu masana na jami'ar Glasgow, cikinsu har da Mike Hansell da Pat Monaghan, sun wallafa gwajin da suka yi da nau'in da ake kira Odontocerum albicorne: suka tilasta wa wasu tsutsotsi sake gina kube, suka bar wasu da nasu, sannan suka jira duka suka rikiɗe. Waɗanda aka sa sake gini sun fito da fikafikai ƙanana da ƙirji marar nauyi, a ƙirjin kuwa naman tashi yake. Ƙwaron da kwanakinsa na sama ƴan kaɗan ne, wanda ba shi da wani aiki a cikinsu sai ya tashi ya nemi abokin barbara ya koma bakin ruwa a zuba ƙwai, in aka rage masa fiffike an rage masa abin da ya yi watanni a ƙarƙashin ruwa yana tanadi dominsa. Dangin wannan nau'i suna cikin waɗanda Duprat ke aiki da su. Ga kuma nauyi: tsantsar zinariya ta ninka yashi wajen sau bakwai in girmansu ɗaya. Ga ƙyalli, alhali asalin hikimar kuben ita ce ya saje da gindin rafi. Kube na zinariya gida ne da ba ya tsare mai shi ko'ina sai cikin gilashi.

Ko tana jin zafin abin, wannan wata magana ce. Shekaru da yawa amsar masana ita ce ƙwaro na'ura ce mai rai, yana janye jiki daga wuta kamar yadda ganyen wasu tsire-tsire ke naɗewa in an taɓa shi. Wannan amsa ta yi rauni a ƴan shekarun nan. A ɗakin binciken Lars Chittka na jami'ar Queen Mary ta birnin Landan an nuna cikin 2022 cewa wasu manyan ƙudan zuma suna mirgina ƴan ƙwallaye ba don lada ba, abin da ya yi kama da wasa. A wannan shekarar ce shi da abokan aikinsa suka tace hujjojin jin ciwo a rukunoni shida na ƙwari, suka ga hujja mai ƙarfi ga manyan ƙudaje da kyankyasai. Rukunin tsutsarmu ba ya cikin shidan. Cikin Afirilu na 2024 masana da dama suka sa hannu kan wata sanarwa a birnin New York, suna cewa yiwuwar ƙwari suna da wani nau'in ji abu ne da bai kamata a yi watsi da shi ba. Doka kuwa tana baya: dokar Birtaniya ta 2022 ta shigar da ƙaguwa da dorinar teku mai hannu takwas cikin masu ji, ta bar ƙwari a waje. Ni dai ban ga dalilin rataya dukan hukunci a kan wannan tambaya ba. Ko da an tabbatar gobe cewa tsutsar ba ta jin komai, an dai karkatar da rayuwar wata halitta daga inda ta dosa don a ƙayatar da masu kallo, kuma mai yin haka ya kamata ya iya faɗin dalilinsa da bakinsa.

Yanzu kuma adalci ya sa mu juya ma'aunin. Idan aka jera Duprat da sauran masu taɓa ƙwari don ado, yana cikin masu sauƙin laifi. A baje kolin Damien Hirst na gidan Tate Modern cikin 2012, malam-buɗe-littafi fiye da 9,000 ne suka mutu cikin makonni 23, wasu an taka su, wasu an kakkaɓe su daga tufafin baƙi. A yankin Yukatan na ƙasar Meziko ana manna wa wani buzuzu mai rai duwatsu masu ƙyalli, a ɗaure shi da ƴar sarƙa a ƙirjin riga yana yawo. Maquech suke ce masa. Masu kamun kifi da ƙugiya a Turai suna fizge wannan tsutsa ɗin daga kubenta su soke ta a matsayin koto, ba wanda ya taɓa rubuta maƙala a kansu. Silikin da duniya ke taƙama da shi kuwa, sai an turara ko an dafa kwasfar da tsutsa a ciki don kada ta huda zaren in za ta fita, kuma dubbai ake kashewa kafin a sami kilo guda.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, irin su aska takwas da sarakuna da attajirai ke sawa ranar salla, gidan tsutsa ne, na dangin da masana ke kira Anaphe, waɗanda ke taruwa da yawa su saƙa babbar jaka guda su rikiɗe a ciki. A tsinko daga daji, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa, maɗinka su zauna wata da watanni a kan wuyan riga. Wa ya taɓa jin mai sayen riga ya tambaya ko masu gidan sun gama fita kafin a tsinko shi? Laifi tudu ne. Malamin da zai kai hoton aikin Duprat aji don a yi muhawara, zai kyauta in ya tafi da tsohuwar riga mai aikin tsamiya ya shimfiɗa kusa da shi.

Akwai wani kwatanci da ya fi waɗannan duka amfani, domin tsutsar ɗaya ce, dabarar ma ɗaya. Tun shekarun 1990 akwai masu ƴar ƙaramar sana'a a jahar West Virginia ta Amurka da ke kiwon waɗannan tsutsotsi cikin ƙoramar roba, suna ba su duwatsu masu launi, suna sayar da kuben a matsayin ƴan kunne da abin wuya. Bisa bayaninsu, sukan jira har ƙwaron ya rikiɗe ya tashi, sannan su kwashi kuben da ya bari, su cika shi da danƙo don ya yi ƙarfi. Masu sharhin fasaha sun saba ɗaga Duprat sama su raina waɗannan a matsayin ƴan kasuwa, alhali ta fuskar tsutsa ƴan kasuwar sun fi kyauta mata, tun da ba a riƙe ta cikin hunturun ƙarya, ba a kuma kai ta gaban fitilu. Amma ɗan kunne bebe ne. Yana lilo a kunnen mai shi, kyakkyawa, tsabtatacce, babu abin da ke tuna wa kowa cewa wata halitta ta fitar da shi daga cikinta. Duprat, duk da abin da na faɗa a kansa, ya bar baƙin kan nan yana leƙowa, kuma ba don haka ba da wannan muhawara ba ta taso ba. Ƙarfin aikinsa da laifinsa wuri guda suke fitowa, ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya. Abin da nake tuhumarsa da shi, shi da gidajen da ke nuna aikin, ƙarami ne amma ba na yafe shi: ɗan allon da ke gefen gilashi yana lissafa zinariya da lu'ulu'u, masu sharhi suna zuba falsafa a kan wane ne mai aikin, amma makomar tsutsar bayan an rufe baje koli ba ta cikin abin da ake ganin ya cancanci a tattauna. Wanda ya kira wani abokin aiki, ai ya kamata a ji yadda suka rabu.

Sauran abu guda, wanda mai karatu na wannan ƙasa zai riga Bature gani. Duk surutun da ake yi a kan tsutsa ake yin sa, kamar ita zinariyar daga sama ta faɗo. Ba na cewa zinariyar Duprat daga rijiyoyinmu ta fito. Ƴan giram ne, kuma zinariya in ta narke ba ta da ƙauye. Amma wanda ya ga yadda samari suka kwarara Jado da Cibarakaten tun 2014, wanda ya tuna rijiyar da ta rufta a yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi cikin Nuwamba na 2021 ta binne mutum aƙalla 18, wanda ya ji labarin yara wajen 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara cikin 2010, zai yi mamakin mai sharhin da ya dubi wannan ɗan bututu ya ga halitta ɗaya tak da aka ci da guminta. Kuma zaren ya sake zagayowa kan tsutsar, domin danginta suna cikin na farkon da ke ɓacewa in ruwa ya gurɓace. Shi ya sa masana ke ƙirga su don auna lafiyar kogi, kamar yadda aka riƙa yi a kogunan Afirka ta Yamma lokacin shirin yaƙi da makantar bakin kogi na 1974 zuwa 2002, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka fara shi. Laka da sinadarin makuri da wankin zinariya ke zubawa a ruwa suna kashe musu mazauni gaba ɗaya, abin da akwatin gilashin mutum guda ba zai taɓa yi ba.

Gwajin Duprat ma ya daɗe da fita daga hannunsa. Cikin 2019 masana a Jamus suka ba da rahoton kubbunan da aka tsinta a rafi da ɓarɓashin roba liƙe a jikinsu, ja da shuɗi da fari tsakanin yashi, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna irin wannan kube bai kai na yashi zalla ƙarfi ba. Cikin 2025 masu bincike na cibiyar Naturalis da ke birnin Leiden na ƙasar Holan suka bi tsofaffin akwatunan ajiyarsu, suka sami kube mai guntayen roba wanda aka ɗebo daga wata ƙorama tun 1971, shekaru wajen goma kafin Duprat ya zuba zinariyarsa ta farko cikin ruwa.